Injin Waful da Garin Haɗinsa: Wanne Ya Dace da Kicin ɗin Bauchi?

Duk macen da ta iya zuba ƙullin masa a tanda ta riga ta ci rabin karatun waful, wato gashin fulawa da ƙwai da madara na Turawa mai ramuka-ramuka a jiki. Abin gasa shi ma ƙarfe ne mai ramuka, a shafa masa mai, a zuba ƙulli, a bar wuta ta yi aikinta. Inda suka rabu shi ne ƙarfen waful yana da murfi, zafi na kama ƙullin ta sama da ta ƙasa lokaci guda, kuma abin da ake nema shi ne bayansa ya yi ƙaras-ƙaras, cikinsa ya zauna da taushi. Saboda haka a gari irin Bauchi, inda masa ta zama abin tinƙaho, ba gashin ne zai gagari uwargida ba. Sayayyar ce ke kayar da mutane. Gidaje da yawa injin yana can saman kabad cikin kwalinsa tun na kayan ɗaki. An gwada, waful ya fito fari fat yana manne da ƙarfe, aka tattara aka ajiye, aka ce ai injin ne ba shi da kyau. Galibi kuwa ba laifinsa ba ne. Ko dai an saye shi ba a duba wutar gidan ba, ko an zuba masa ƙullin da bai dace da shi ba.

Kafin a zo maganar sunan kamfani ko launi, ki fara tambayar kanki wace irin wuta gare ki. Injin waful dangin dutsen guga ne da hitar ruwa, duk aikinsa mayar da lantarki zafi, su ne kuwa manyan masu cin wuta a gida. Ki kifa shi, a ƙasansa akwai 'yar takarda ko rubutun da aka buga. Lambobi biyu za ki duba. Wadda harafin W ke biye da ita ita ce wat, wato yawan wutar da yake ja. Wadda V ke biye da ita kuma ƙarfin wutar da aka ƙera shi dominsa ne. 'Yan ƙananan da ke fitar da waful ɗaya kamar tafin hannu suna cin wajen wat 350 zuwa 550. Matsakaita, irin waɗanda suka fi yawa a shagunan kayan kicin, daga 700 zuwa 1000. Manya masu juyawa kan kai 1400, na 'yan kasuwa kuma su haura haka.

Kuɗin wutar ba shi ne abin tsoro ba. Inji mai wat 1000 idan ya yi rabin awa yana aiki, rabin yunit ya ci a mita, wani lokaci ma bai kai ba, tunda yana kashe kansa yana kunnawa idan zafi ya kai. Ko waɗanda ke layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, da a watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗinsu sama da naira 200 kan yunit ɗaya, abin da karin kumallon gida guda zai ci bai kai kuɗin ƙwan da aka fasa a ƙullin ba. Matsalar ita ce ko akwai wutar da ƙarfe shida da rabi na safe, lokacin da ake shirya yara makaranta, kuma idan akwai, da wane ƙarfi ta zo. Bauchi da Gombe duk ƙarƙashin kamfanin raba wuta na Jos suke, kuma kowa ya san unguwa da unguwa ba ɗaya ba ne, wani lokaci layi da layi ma.

Wannan batu na wuta mara ƙarfi ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ke ɓata sunan injina da yawa. Wutar ƙasar nan 230V ce a ƙa'ida. Idan ta sauka zuwa 180V, ƙwan fitila zai kama, fanka za ta juya, sai ki ɗauka komai lafiya. Amma zafin da ƙarfe ke bayarwa ya fi ƙarfin wutar saurin faɗuwa: inji mai wat 1000 a 180V abin da zai ba ki bai fi wat 610 ba. Shi kuwa waful yana son ƙarfe mai zafi sosai, wajen digiri 190 zuwa 200, yadda da ƙulli ya taɓa shi zai kame nan take ya yi ɓawo. Ɓawon nan ne ke sa ya saki ƙarfen da kansa. Idan zafi bai kai ba, ƙullin dahuwa yake yi da tururinsa, ya fito fari, jiƙe, kina ɗaga murfi ya rabe biyu, rabi sama rabi ƙasa. Sitabilaiza tana magance wannan, amma ba 'yar ƙaramar da ke kan talabijin ba. Sai wadda ƙarfinta ya ninka na injin ko ya kusa.

Janareta fa? Ɗan ƙaramin nan na Tiger mai lamba 950 a jiki, abin da yake iya ɗauka a aikace bai wuce wat 650 zuwa 800 ba. Ƙaramin injin waful zai ja, matsakaici kuwa zai sa shi kuka ya mutu. Babban janareta mai 2.5kVA zai ɗauka ba gardama, muddin ba a haɗa shi da dutsen guga da injin tura ruwa lokaci guda ba. Masu sola su ma su yi lissafi. Idan inbatar gidan ta batir ɗaya ce mai 12V, inji mai wat 1000 zai riƙa zuƙar kusan amp 90 daga batirin, abin da ke tsufar da shi da wuri. Da rana tsaka, faifai na shan rana, inbata kuma babba ce, ba laifi. Da asuba kan batirin da ya kwana yana juya fanka, a'a.

Sai kayan gwanjo, waɗanda ke ruɗar mutane saboda nauyinsu da kyan ƙira. Na Ingila da sauran ƙasashen Turai wutarsu ɗaya da tamu, kuma sau da yawa tsohonsu ya fi sabon mai araha ƙarko. Na Amurka da Kanada kuwa 120V ne. Idan aka soka shi kai tsaye a soket ɗinmu zafin da zai yi ya haura ninki uku da rabi na abin da aka ƙera shi dominsa, cikin ɗan lokaci sai ƙauri da hayaƙi. Za a ce miki ai akwai taransifoma mai rage wuta. Akwai, amma wadda za ta ɗauki wat 1000 nauyi gare ta, kuɗinta kuma kan kai na injin ko ya fi. Irin 'yan ƙananan nan masu launi-launi na kamfanin Dash da ake gani a bidiyon girke-girke, yawancin waɗanda 'yan'uwa ke aikowa daga Amurka 120V ne, a duba kafin a kunna. Haka nan filogi: injina da yawa na zuwa da mai ƙafa biyu zagayayyu, mu kuwa soket ɗinmu mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Maimakon tura tsinke a soket ko sayen adafta mai araha da za ta narke, ki sa mai gyaran wuta ya yanke kan ya sa mai ƙafa uku na amp 13. Kuma a bango za a soka shi, ba a siririyar wayar ƙari ba.

Duk wannan lissafi ne ya sa nake ganin gidan da wutarsa ba ta da tabbas, ƙarfen waful na kan murhu ya fi masa amfani fiye da kowane inji. Farantai biyu ne masu ramuka haɗe da maƙyalli, da dogon hannu. A ɗora kan gas, ko risho, ko kurfoti mai garwashin da ya lafa. Ba sabon abu ba ne, shi ne ma asalin. Turawa sun daɗe suna gasa waful a kan garwashi, kuma a 1869 wani Ba'amurke mai suna Cornelius Swartwout ya yi rajistar irin wanda ake ɗorawa kan murhu ana juyawa, tun lantarki bai shiga gidaje ba. Iri biyu ne. Na baƙin ƙarfe yana da nauyi, yana jinkirin ɗaukar zafi, amma idan ya ɗauka ya riƙe, kuma babu abin da ya kai shi fitar da ɓawo. Sai dai yana son kulawa: a shafa mai a gasa shi kafin fara aiki, kada a jiƙa shi a ruwa, a busar da shi a kan wuta bayan wanki, in ba haka ba damina ɗaya ta ishe shi tsatsa. Na alminiyam mai rufin nonsitik, wato rufin da ke hana abinci mannewa, ba shi da nauyi, nan da nan ya yi zafi, nan da nan kuma ya ƙona abu idan hankali ya tafi wani wuri.

Kada in yi masa ado fiye da kima. Ba kowane shago ke da shi ba, sau da yawa sai an yi oda ta intanet ko an sa 'yan Kano sun duba a Sabon Gari. Ba shi da fitilar da za ta ce miki ya yi, ke ce za ki zafafa kowane gefe minti biyu zuwa uku, ki yarfa ɗigon ruwa ki ga ya yi tsalle, ki zuba, ki rufe, ki juya nan take, sannan ki ba kowane gefe kamar minti biyu. Na farko da na biyu kan tafi a koyo. Idan ƙulli ya yi yawa a kan gas ɗin zai zubo. Kuma ɗaya-ɗaya yake yi, mai yara shida za ta daɗe a tsaye. Duk da haka ba ya jiran a kawo wuta, ba shi da wayar da za ta ƙone, kuma na baƙin ƙarfen har 'yarki za ta iya tafiya da shi gidanta.

Wadda ke da wuta mai kyau kuwa, zaɓinta a cikin na lantarki ya danganta da irin waful ɗin da take so, domin ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawo a hotuna, mai kauri da manyan ramuka masu zurfi, shi ake kira na Beljiyam. A can ƙasar ma kashi biyu ne. Na birnin Burasels mai kusurwa huɗu ne, ba nauyi, ƙullinsa ruwa-ruwa da yis. Na birnin Liyej kuwa kwaɓi ne mai tauri kamar na burodi, da ƙwayoyin sukari a ciki waɗanda ke narkewa su yi ja a jikin ƙarfe. Amurkawa sun rungumi mai kaurin ne bayan baje kolin duniya na Niyu Yok a 1964, kafin nan nasu siriri ne mai ƙananan ramuka. Mai zurfi kaurinsa kan kai santimita biyu da rabi, siririn kuma kamar rabin haka.

Wannan bambanci ya shafi aljihu da wuta. Mai zurfi yana shan ƙulli da yawa, yana son zafi mai ƙarfi da ƙulli mai tashi sosai, idan ɗaya ya gaza sai saman ya fito da ramukan da ba su cika ba. Shi ya sa ake yi masa injin da ke juyawa: da an rufe sai a wuntsila shi, ƙullin ya gangara ya cika ɗaya farantin kafin ya kame. Yana fitar da waful mai kyan gani, gaskiya, amma ya fi tsada, ya fi cin wuri, ya fi cin wuta, kuma wurin juyawar ne ke fara lalacewa a masu araha. Siriri ya fi yafiya. Cikin minti uku zuwa huɗu ya gasu, ko wuta ta ɗan rage ƙarfi zai yi ja, ƙulli kaɗan ya ishi yara da yawa. Ni dai ga mai koyo siririn ko matsakaici nake nuna wa.

Akwai kuma mai uku-cikin-ɗaya, wanda ake cire farantansa a sauya: na gasa burodi mai haɗi, na waful, na gasa nama. Shi ya fi cika shaguna, da sunaye irin su Sokany, Silver Crest, Sonifer da RAF, sai manyan suna irin Tefal, Kenwood da Russell Hobbs da suka fi tsada. Amfaninsa biyu ne masu girma. Ana cire faranti a wanke a bahon wanke-wanke, kuma ko yara sun gaji da waful injin bai zama kayan ado ba, burodi da ƙwai kullum ana ci. Rauninsa shi ne farantin da ake cirewa bai manne da abin zafin kamar na dindindin ba, ga shi yawanci wat 750 ne, don haka waful ɗinsa ya fi karkata ga laushi, sai an ƙara masa minti ɗaya ko biyu. Yawancinsu kuma ba su da abin murɗawa na rage zafi da ƙarawa. Idan waful ne kawai a ranki, inji mai faranti na dindindin, wat 900 zuwa 1000, da abin murɗa zafi, ya fi shi aiki. Idan kuɗin na inji ɗaya ne tak a kicin, uku-cikin-ɗayan ya fi hankali.

Ɗan ƙaramin fa, mai kamar tafin hannu? Yana da kyau ga ɗaliba a ɗakinta a Yelwa ko Gwallameji, ko amarya daga ita sai ango, ko gidan da ƙaramar sola ce kaɗai. Ga gida mai jama'a kuwa wahala ce, kafin na biyar ya fito na farko ya huce. Masu siffar zuciya irin na ƙasashen arewacin Turai da masu ƙwallaye irin na Hong Kong abin sha'awar yara ne da masu sayarwa, ba da su ake farawa ba. Wadda ke nufin sana'a kuwa kada ta wahalar da injin gida, ba a yi shi don ya wuni a kunne ba. Akwai na 'yan kasuwa masu kaurin faranti, har da masu aiki da gas, su ne suka dace da wurin biki ko bakin makaranta.

Kusan duk na lantarki rufin nonsitik gare su, kuma ran injin a jikin rufin nan yake. Cokali mai yatsu, wuƙa da soson ƙarfe su ke kashe shi. Tsinken tsire ya isa ɗaga waful. A bar shi ya huce, a goge da tsumma mai ɗanshi, abin da ya maƙale a rami a ɗiga masa mai ya jiƙa. Kada a bar shi a kunne babu komai na dogon lokaci, irin wannan rufi yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260. A shago ki buɗe kwali ki shafa farantin, ki ɗaga ki ji nauyinsa, domin faranti mai kauri ne ke raba zafi daidai, ki girgiza murfin ki ga ko maƙyallin na rawa, sannan a kunna miki ki ji sama da ƙasa duk sun ɗauki zafi. Sunan da ke jikin kwali kaɗai ba hujja ba ne, kayan kwaikwayo sun yi yawa. Araha dai ba ta ado.

Sai ƙulli. A manyan kantuna za ki ga garin haɗi na kwali, yawanci daga waje: Betty Crocker, Bisquick, Krusteaz, Pearl Milling Company. Na ƙarshen shi ne wanda aka sani da Aunt Jemima kafin a sauya masa suna a 2021, don haka idan kika ci karo da kwali mai tsohon sunan a kan kanta, kin san ya kwana biyu. Wasu ruwa kawai ake zuba musu, saboda an riga an sa madarar gari a ciki. Wasu kuma sai kin kawo ƙwai, madara da mai. Ki juya kwalin ki karanta abin da ke ciki: fulawa ce, sukari, gishiri, da abin sa tashi. Duk akwai su a Wunti ko Muda Lawal, a farashin da bai kama ƙafar na kwalin ba, tunda shi dala da kuɗin jirgi da na kwastan kike biya. Abin da ya fi na gida da shi ɗaya ne, an auna miki daidai. Wadda ba ta taɓa cin waful ba, ba ta san yadda kaurin ƙullin ya kamata ya kasance ba, ba laifi ta sayi kwali ɗaya ta ga samfuri. Bayan nan ban ga dalilin ci gaba da saye ba.

Idan za ki saya ɗin, abu uku. Ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ki kuma tuna kwalin da ya sha zafin Maris da Afrilu a shago abin tashinsa kan raunana ko da ranar ba ta cika ba. Na biyu, wanda aka rubuta na fankek ne ana iya yin waful da shi, amma sai an ƙara mai kamar cokali biyu a kowane kofi na gari, domin yawan mai ne babban abin da ya raba ƙullin biyu, shi ke kawo ƙaras-ƙaras, shi ke hana mannewa. Na uku, masu kula da halal su duba tambarin, saboda akwai sinadarin haɗa mai da ruwa mai lamba E471 da ake iya samowa daga tsiro ko daga kitsen dabba, kuma ba kullum kwali ke faɗin daga ina ba.

Na gida ga yadda yake. Fulawa kofi biyu, wato kamar giram 250, ko gwangwanin madara uku ga mai awo da gwangwani. Bekin foda babban cokali ɗaya, sukari cokali biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali. A wani kwanon ƙwai biyu, madara kofi ɗaya da kashi uku cikin huɗu, man gyaɗa ko narkakken bota sulusin kofi zuwa rabi. Madarar gari ta wadatar, cokali uku zuwa huɗu a kofin ruwa. A zuba na ruwan cikin na garin a juya sama-sama. Nan ne hannun da ya saba buga ƙulli ke yin ɓarna: fulawar alkama idan ta sha bugu danƙo take yi, balle da yawa daga wadda ake auna mana a mudu ta masu burodi ce, sai waful ya fito yana jan haƙori. Ƙananan gudaji ba komai, a bar ƙullin ya huta minti goma za su baje. Kaurinsa ya zama yana zuba daga ludayi a hankali, ba tsululu ba. Wannan awo zai ba da manya huɗu zuwa biyar, ko sirara takwas zuwa goma.

Dabaru biyu ke ɗaga shi sama da na kwali. Ki cire rubu'in fulawar ki maye gurbinsa da garin sitacin masara, ko garin kastad tunda shi ma sitacin ne da launi da ƙamshi, ko garin shinkafa mai laushi. Ba su da danƙo, ɓawon sai ya fi ƙaras kuma ya fi daɗewa bai saki ba. Ta biyu, ki raba farin ƙwai da gwaiduwa, ki buga farin har ya yi kumfa ya tsaya, ki zuba shi a ƙarshe kina juyawa a hankali. Ga inji mai zurfin rami wannan kusan dole ne. Sukari kuwa kada a cika, yana ƙonewa kafin ciki ya nuna, zaƙin a sama ake zuba shi. Idan sauri ne ya sa kike son na kwali, ki haɗa na garin duka har da madarar gari, ninki uku ko huɗu, ki tankaɗe, ki zuba a roba mai murfi gam. Da safe sai ɗiba, ƙwai, mai, ruwa. Kada dai ya wuce wata guda, musamman da damina da laima ke kashe bekin foda. Gwajinta ba wuya: rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi, idan ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu.

Muna da wani abu a nan da masu girkin Turai ke nema da kuɗi, wato nono. Kindirmo mai kyau da aka ɗan sirka da ruwa, a sa shi a madadin madara, a rage bekin foda zuwa ƙaramin cokali biyu, a ƙara bekin soda rabin ƙaramin cokali. Tsamin nonon da sodar su ke haɗuwa su tayar da ƙullin, waful ya yi taushi, ya yi ja mai kyau, da ɗan ɗanɗanon da madara ba ta bayarwa. Sodar kada ta wuce awo, ɗaci take kawowa. Kanwa ba ta maye gurbinta, ƙarfinta ba shi da ma'auni kuma tana sauya launi. Man shanu soyayye ma yana shiga, amma cokali ɗaya a cikin man gyaɗa ya isa, ba kowane yaro ke son ƙamshinsa a abu mai zaƙi ba.

Wanda ya fi duka daɗi a bakina shi ne na yis, kuma shi ya fi dacewa da azumi, a kwaɓa bayan azahar a gasa dab da magariba. Awo ɗaya ne da na sama, sai dai a cire bekin foda a sa yis ƙaramin cokali ɗaya da rabi, madarar kuma da ɗumi. Da zafi awa ɗaya ta ishe shi tashi, wani lokaci ko ta cika ba ta yi ba. Da hunturu, Disamba da Janairu, yakan nemi awa biyu da wuri mai ɗumi. Littattafan girki na waje kan ce a bar shi ya kwana, amma wannan maganar mai firjin da ba ya mutuwa ce. A zafinmu ƙullin da ya kwana a waje tsami zai yi ya faɗi, ga madara a ciki. Ƙwai kuma kada a fasa shi sai an tashi gashi. Mai son gwada na Liyej, sukari mai ƙwaya da aka farfasa ba a daka ba yana kusantar irin nasu, sai dai ta shirya wa goge narkakken sukari daga ramuka tun ƙarfen na da ɗumi, kuma inji mara abin rage zafi kan ƙona shi.

Wajen gashi, fitilar da ke jikin inji zafin ƙarfe take nunawa, ba nunar waful ba. Tururi za ki kalla. Muddin yana fita da ƙarfi ta gefe kada ki ɗaga murfi, idan ya ragu sosai to ya yi. Da ya fito a ɗora shi kan raga ko rariyar ƙarfe iska ta ratsa ƙasansa. Ɗora wani kan wani, ko rufe shi a kula yadda muka saba da sauran abinci, cikin minti kaɗan zai mayar da shi laɓa-laɓa. Na makaranta a bari ya huce sarai kafin a sa a roba, zumar kuma a ƙulla ta daban. Ruwan zaƙin kwalba da ake sayarwa kusa da garin haɗi yawancinsa na sitacin masara ne da aka sa wa ƙamshi, na ainihi da ake tatsa daga itace a Kanada tsada gare shi, zuma mai kyau ta fi su duka, haka dabinon da aka jiƙa aka markaɗa, ko ayaba, ko mangwaro a lokacinsa. Idan aka cire sukari daga ƙullin aka yanka albasa da attaruhu ƙanana, yana tafiya da soyayyen ƙwai ko kaza da yaji. Wanda ya rage kuma ya kwana, a mayar da shi cikin injin minti ɗaya zuwa biyu ba tare da an danne murfi ba, ɓawonsa zai dawo.